Faifan cin hanci na hannuna, barci ya ƙaurace mini: in buga labarin ko in shiga zaman shiru?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan jarida ne, ɗan Jos, shekarata uku ina aiki da wata ƙaramar jaridar intanet a Abuja. Wata biyu da suka wuce wani ɗan kwangila ya ba ni faifan murya da hotunan saƙonnin WhatsApp da ke nuna wani ɗan majalisa yana neman kasonsa kafin a saki kuɗin wani aikin mazaɓa. Tun da na fara bin diddigi nake samun kira daga lambobin da ban sani ba, in na ɗauka a yi shiru a kashe. Yanzu ba na barcin kirki, ko ƙofa aka taɓa sai gabana ya faɗi, har mai ɗakina ta fara cewa na canza. Wata abokiyar aikina da ta yi karatu a waje ta ce in ajiye komai in tafi irin zaman shirun nan na kwana goma, inda ake karɓe waya, ba magana, sai tattara hankali daga asuba har dare, wai zan dawo garau. Malam, abin da ke hannuna ya isa in buga? Kuma wannan zaman zai taimake ni ko akwai matsala a cikinsa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sau biyu na karanta saƙonka, na farko da idon edita, na biyu da idon wanda shi ma ya taɓa kwana a zaune yana sauraren motsin ƙofa. In na fahimce ka, kana so ka san ko faifan murya ɗaya da hotunan saƙonni sun isa a ɗora wa mai muƙami zargin cin hanci a bainar jama'a, sannan ko kulle kai na kwana goma ba magana zai maido maka da barcin da aikin nan ya ƙwace. Abin da ke hannunka bai isa bugawa ba tukuna, amma ya isa ka ci gaba da tono. Tafiyar kuwa, a halin da ka kwatanta, ban goyi bayanta ba. Na yi fiye da shekara ashirin a ɗakin labarai, rabinsu ina tace aikin wasu, saboda haka a kan tambaya ta farko abin da hannuna ya taɓa zan faɗa maka. A kan ta biyu ni ba likita ba ne, kuma ban taɓa shiga irin wannan zama ba, sai dai abin da na karanta da abin da na gani a jikin abokan aiki.

Abin da faifai ke iya yi

Mu 'yan jarida muna da wata cuta. Da mun ji muryar babban mutum a faifai sai mu ce shi ke nan, magana ta ƙare. Tarihin ƙasar nan bai nuna haka ba. Ka tuna 2012, lokacin da Farouk Lawan ke shugabantar kwamitin Majalisar Wakilai mai binciken tallafin man fetur. Attajirin ɗan kasuwar mai Femi Otedola ya fito ya ce ya ba shi dala 500,000 don a cire kamfaninsa daga jerin waɗanda ake zargi, kuma ya ce da sanin jami'an tsaro aka naɗi abin. Lawan ya ce ya karɓa ne don kuɗin ya zama hujjar tona asirin mai bayarwa. Ga faifai, ga mai bayarwa a tsaye yana ba da shaida da bakinsa, ga hukuma a bayansa, amma sai a 2021 babbar kotun Abuja ta yanke masa shekara bakwai. Kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da ita biyar a 2022, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Janairun 2024. Shekara tara aka yi kafin a kai ga hukuncin farko.

Na biyu ya fi kusa da mu. A Oktoban 2018 ɗan jarida Jaafar Jaafar ya wallafa a jaridarsa ta Daily Nigerian faifan bidiyon da aka ce yana nuna Gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli daga hannun 'yan kwangila. Gwamnatin jihar ta musanta, ta ce haɗa shi aka yi. Majalisar dokokin jihar ta kafa kwamiti, Jaafar ya je ya bayyana a gabansa, daga baya kotu ta dakatar da binciken. Gwamna ya koma kujerarsa a 2019, shi kuwa Jaafar a 2021 ya bar ƙasar zuwa Birtaniya yana mai cewa ana barazana ga rayuwarsa. A ganina ya yi abin da kaɗan daga cikinmu za su iya, kuma ina girmama shi a kan haka. Na kawo maka shi ne don ka ga tsadar abin, kuma ka lura cewa har bidiyon da ake ganin fuska a ciki an samu bakin cewa na bogi ne.

Ku mutanen Jos kuma kun fi ni sanin shari'ar Joshua Dariye, tsohon gwamnan Filato. Tasa ta karkatar da dukiyar jama'a ce, ba karɓar toshiyar baki ba, amma darasin ya shafe ka. Abin da ya kama shi a 2018, har aka yanke masa shekara 14, cak ne na kuɗin gyaran muhalli na sama da naira biliyan ɗaya, da takardun banki da ke nuna inda kuɗin ya bi. An rage hukuncin zuwa shekara 10, sannan aka yi masa afuwa a 2022, wannan kuma wani zance ne. Abin lura dai shi ne takarda ba ta tsorata, ba ta canza magana a gaban alƙali, kuma ba a iya kiranta a waya a ce ta tuna tana da iyali.

To kai murya ce kawai a hannunka, a zamanin da ƙirƙirarriyar basira ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun jawabinsa. Hoton saƙon WhatsApp kuwa, duk yaron da ya iya waya zai adana lambar abokinsa da sunan "Honorabul", su yi hirar da suke so, ya ɗauki hoto. Ranar da ka buga, kalma ta farko da za ta fito daga bakin mai magana da yawunsa ita ce haɗi ne, kuma in ba ka da abin da ya wuce faifan, jama'a ba su da hanyar gane wa ke da gaskiya.

Wanda ya ba ka, me yake nema?

Ruwa ba ya tsami banza. Ɗan kwangila ba ya kawo wa ɗan jarida faifai don kishin ƙasa kawai, kuma wannan ba aibi ba ne, yawancin manyan labaran da aka taɓa tonowa daga bakin wanda aka ɓata wa rai suka fito. Amma dole ka san ɓacin ran nasa. An hana shi aikin ne? Ya biya aka ba wani? Ko so yake ya tsorata ɗan majalisar da sunanka, in an sallame shi ya zame ya bar ka a rana?

Na taɓa zama da irin wannan mutum a wani lambun shaƙatawa a Wuse, bayan isha'i. Ya zaro filashi daga aljihun rigarsa ya tura mini ta ƙarƙashin farantin tsire, yana waige-waige. Faifan minti biyu ne, kuma muryar wanda ake zargi ta fito ras yana faɗin kason da yake so. Na ce masa ina son in ji asalin abin daga wayar da aka naɗa da ita. Ya yi ta kwana-kwana har kusan mako biyu. Da ya kawo wayar, sai ga hira ta fi minti ashirin, kuma a farkonta shi da bakinsa ne ya fara cewa, "Ranka ya daɗe, ai ba za mu manta da kai ba, nawa za a ware?" Wancan ya amsa, ya ma yi ciniki, saboda haka labarin bai mutu ba. Amma ya canza fuska, ya zama na mutum biyu da suka haɗa baki, kuma da na buga guntun da aka ba ni da an yi amfani da ni wajen wanke ɗaya daga cikinsu.

Saboda haka ka koma wajen mutuminka ka nemi asalin faifan daga kan wayar, ba wanda aka turo ta WhatsApp ba, domin turawa tana goge bayanan da ke nuna rana da na'urar da aka yi naɗin. Ka riƙe wayar da hannunka, ka buɗe hirar, ka taɓa sunan ka ga lambar, ka gwada ta da lambar da 'yan jaridar majalisa suka san mutumin da ita. Ka ɗauki bidiyon kanka kana yin haka. Ko gaba in magana ta je kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman a yi bayanin na'urar da hujja ta fito daga cikinta kafin a karɓe ta.

Ka kuma gaya masa gaskiyar da wataƙila bai sani ba. Dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta 2000 ta hukunta mai karɓa a sashe na 8, ta hukunta mai bayarwa a sashe na 9, kowanne shekara bakwai, kuma sashe na 23 ya wajabta wa wanda aka nemi cin hanci a wurinsa ya kai rahoto. In ya riga ya biya, to shi ma yana cikin ruwa, ya nemi lauya tun yanzu. Tsarin tona asiri da gwamnati ta fito da shi a Disambar 2016, mai ba da ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato, manufa ce ta Ma'aikatar Kuɗi, kada ya ɗauke ta a matsayin garkuwar da za ta tare masa komai. Kai kuma kada wani ya zuga ka ka kai kuɗi da hannunka don ka kama mutumin dumu-dumu. Katin aikin jarida ba ya kare ka daga sashe na 9.

Bin sawun kuɗin

Nan ne ainihin aikin yake, kuma shi ne sashen da matasa ke gudu don ba shi da armashi. Aikin mazaɓa yana da sawu tun daga kasafin kuɗi. Ka nemo layin aikin a kasafin shekarar, ka ga a ƙarƙashin wace hukuma aka sa shi. Sau da yawa za ka tarar an cusa gina rijiyar burtsatse ko raba kekunan ɗinki a hukumar da ba ruwanta da wannan aiki, kuma wannan kaɗai tambaya ce da ta cancanci amsa. Ka duba sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka ga ranar rajista da masu shi. Kamfanin da aka yi wa rajista wata uku kafin ya samu kwangila, ko wanda daraktansa ƙanin matar wani ne, ya fi faifan nan magana. Ka duba shafin baitulmali na Open Treasury da aka buɗe a Disambar 2019, inda ake sa manyan biyan kuɗin hukumomin tarayya, ko za ka ga ranar da aka biya. In ranar biyan ta zo kusa da ranar saƙonnin, ka samu igiya ta biyu.

Sai ka rubuta wa hukumar takarda a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, ka nemi takardar ba da kwangila, da shaidar kammala aiki, da takardun biya. Doka ta ba su kwana bakwai, suna iya ƙara wasu bakwai, in sun ƙi kana da kwana 30 ka je kotu. Yawanci ba za su amsa ba. Ka kai takardar da ƙafarka, ka tsaya sai an buga hatimin karɓa a kwafinka, domin shirun nasu ma zai shiga labarin.

Sannan ka je wurin aikin. Ka shiga mota ka je ƙauyen, ka ga ko rijiyar na ba da ruwa ko allo ne kawai aka kafa, ka zauna da mai unguwa, ka tambayi matan da ke ɗibar ruwa a rafi. Mai karatu ba ya jin zafin "kashi goma" a takarda kamar yadda zai ji in ka nuna masa ajin da aka ce an gina, yara na zaune a ƙasa rufin ya yaye. Kuma ka nemi mutum na biyu da ba shi da alaƙa da ɗan kwangilarka: wani ɗan kwangilar da aka nemi irin wannan a wajensa, tsohon hadimi, ma'aikacin sashen kuɗi. Cin hancin manya ba ya cika bi ta asusun mai shi. Ta hannun direba yake bi, ko hadimi, ko a canza shi zuwa dala wajen 'yan canji. Waɗannan ƙananan hannayen su ne ke tuna rana da wuri.

Kafin a danna bugawa

Dole ka ji ta bakinsa. Ka aika masa tambayoyi a rubuce, dalla-dalla, ka ba shi lokaci mai ma'ana, ka adana shaidar cewa saƙon ya isa. Amma wannan shi ne mataki na ƙarshe, bayan komai ya kammala kuma kwafin hujjojin yana hannun mutum biyu ko uku a wurare dabam-dabam. Kiran da kake samu yana nuna mini cewa maganar ta riga ta fita, wataƙila ta bakin majiyarka, wataƙila ta wani da ka tambaya.

Ranar da tambayoyin suka isa, abu biyu ke biyo baya, toshiyar baki da doka, kuma na farkon ya fi na biyun kashe labari. Ni wani hadimi ne ya same ni a ofis da ambulan ruwan ƙasa, ya ajiye a kan jaridun da ke teburina ya ce, "Oga ya ce a gaishe ka, na mai ne kawai." Na kira abokan aiki biyu suka shigo, na miƙa masa abinsa a gabansu, na rubuta rana da lokaci a littafina. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma ni na ƙi, labarin kuma duk da haka ya kwana wata biyu a aljihun tebur, don a makon nan aka kawo wa gidan talla mai tsoka. Ka ce jaridarku ƙarama ce, to ka tambayi editanka ido da ido ko zai tsaya, ko akwai lauyan da zai karanta labarin kafin ya fita, kuma wa zai zo belinka. In amsar ba ta gamsar da kai ba, ku nemi haɗin gwiwa da gidan da ya saba da irin wannan, kamar jaridar Premium Times ko cibiyar binciken ƙwaƙwaf ta ICIR, duk suna nan Abuja. Labarin da ya fita a gida uku rana ɗaya ya fi wuyar binnewa, kuma kama mutum ɗaya ba ya tsayar da shi. Za ka raba suna da wasu, na sani, kuma a shekarunka wannan da ciwo. Ka daure.

Na biyu shi ne doka. Ɗan majalisa ba ya cikin masu rigar kariya ta sashe na 308 na tsarin mulki, wannan ta shugaban ƙasa ce da gwamnoni da mataimakansu, amma yana da hanyar sa a gayyace ka. A Abuja da jihohin Arewa ɓata suna laifi ne a ƙarƙashin kundin hukunta laifuka na Penal Code, ban da ƙarar neman diyya. Ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. An yi masa gyara a farkon 2024, amma a watan Mayun shekarar aka kama Daniel Ojukwu na gidan binciken ƙwaƙwaf na FIJ a Legas, aka kawo shi Abuja, ya yi sama da mako guda a tsare kan labarin kwangila. A 2018 an tsare Samuel Ogundipe na Premium Times ana neman ya faɗi majiyarsa. Saboda haka ka rubuta abin da za ka iya tabbatarwa kawai. In hujjarka ta nuna an nemi kuɗi, ka ce an nema, kada ka ce an karɓa.

Kiran shirun nan kuma kada ka raina shi. Ka rubuta kowace lamba da lokaci, ka ba editanka da lauya, ka sanar da ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ da kwamitin kare 'yan jarida na CPJ. Ka koma manhajar saƙon sirri ta Signal da majiyarka, ka daina zuwa ganawa kai kaɗai ba wanda ya san inda kake. Tun ranar 19 ga Oktoban 1986 da bam ɗin cikin ambulan ya kashe edita Dele Giwa a gidansa muka san wannan aiki yana iya cin rai. Mafi yawan barazana tana tsayawa a barazana, amma ba kai za ka zauna kai kaɗai da tsakar dare kana tantance wacce ce ta gaske ba.

Zaman shiru na kwana goma

Abokiyar aikinka alheri take nufinka da shi, kuma akwai mutane da yawa da suka yi wannan zama suka ce ya amfane su. Kwatancen da ka yi ya dace da tsarin Vipassana na S. N. Goenka, ɗan asalin Indiya haifaffen ƙasar Burma (Myanmar), wanda ya rasu a 2013 ya bar cibiyoyi a ƙasashe da dama. Ba a biyan kuɗi, sai abin da mutum ya bayar bayan ya gama. Ana tashi ƙarfe huɗu na asuba, a yi kimanin awa goma a rana a zaune. Ba magana, ba haɗa ido, ba karatu, ba rubutu, ba waya. Abincin kirki na ƙarshe kafin tsakar rana ne, da yamma sai shayi da 'ya'yan itace ga sababbi. Daga rana ta huɗu akwai zaman awa guda sau uku a rana da ake so kada ka motsa. Akwai kuma abin da ya kamata ka sani tun daga gida: ƙa'idarsu ta nemi a dakatar da sauran ibadu da addu'o'i da jan carbi har a gama. Wannan tsakaninka da malaminka ne, amma kada ka je can ka tarar da shi ba zato.

Masu bincike sun daɗe da nuna cewa abin ba ya tafiya lafiya ga kowa. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown a Amurka da abokan aikinta sun wallafa nazari a 2017 kan wahalhalun da masu wannan zama ke faɗawa ciki, ita ce kuma ta kafa cibiyar Cheetah House don taimaka musu. Wani bincike na 2019 da aka yi a kan mutum 1,232 masu yin zuzzurfan tunani a kai a kai ya gano kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun taɓa gamuwa da yanayi mai matuƙar muni, kamar firgici da damuwa, kuma abin ya fi yawa ga waɗanda suka taɓa shiga zaman killacewa. Miguel Farias na Jami'ar Coventry a Ingila ya tattara nazarce-nazarce a 2020 ya samu kimanin kashi 8 cikin ɗari sun fuskanci illa, mafi yawa fargaba da baƙin ciki mai tsanani. A farkon 2024 kuma 'yar jaridar Financial Times, Madison Marriage, ta fitar da bincike na musamman kan cibiyoyin Goenka, inda ta ji daga waɗanda hankalinsu ya gushe bayan zaman, da iyalan da 'ya'yansu suka kashe kansu. Su kansu cibiyoyin suna tambayar tarihin lafiyar ƙwaƙwalwa a takardar neman shiga, kuma suna faɗa cewa zaman ba ya maye gurbin asibiti.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An rage maka barci, an rage abinci, an yanke ka daga duk wanda ya san ka, sannan an ce ka zuba ido kan duk abin da jikinka ke ji. Mai natsuwa zai iya jurewa har ya ƙaru. Wanda ƙirjinsa ke bugawa in an taɓa ƙofa kuwa, an zaunar da shi ne awa goma yana sauraren wannan bugun, ba wanda zai ce masa "kai, ba komai, iska ce". Masu kula da zaman ba lallai su zama likitoci ba, kuma tsarin yana ƙarfafa mutum ya daure ya kammala kwanakin.

Mu ma wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Malaman ɗariƙa ba sa barin almajiri ya shiga halwa sai da izini, da ƙa'ida, da shehin da ke leƙa shi yana tambayar abin da yake gani. Kusan kowace unguwa akwai labarin wanda aka ce ya ja wuridin da ya fi ƙarfinsa shi kaɗai har ya zautu. Ba ina daidaita hanyoyin biyu ba ne ta fuskar addini, ina nuna maka cewa magabatanmu sun san kaɗaici da ƙarancin barci da yawan maimaita abu ɗaya suna iya girgiza hankali. Ka dubi i'itikafi ma, kwana goma ne shi ma, amma a cikin jama'a ake yi, ana sahur da buɗa baki tare, ana sallah a sahu, ɗanka na iya kawo maka abinci ya gan ka.

Ga kuma wani abu da ya shafe ka kai kaɗai. Mutumin da ake yi wa kiran barazana ya kashe waya kwana goma, ya bar iyali a gida ba su da hanyar jin muryarsa, shi ma ba shi da hanyar jin tasu. Ban ga yadda hankalinka zai kwanta a haka ba.

Na taɓa aiki da wani haziƙi da ya riƙe irin wannan labari shi kaɗai wata huɗu, ko ni bai gaya mini zurfin abin ba. Wata asuba na shigo ofis na same shi kwance a kan teburi da takalmi a ƙafa, jaka a ƙarƙashin kai, ya ce gida ba ya zaunuwa. Yana cikin magana ya zabura ya laluba aljihu, ya ce wayarsa na ƙara. Wayar tana kan teburina a kashe. Ranar muka kai shi wajen likita, muka karɓi fayil ɗin muka raba wa mutum biyu, ya tafi garinsu ya yi mako uku. Ya dawo, labarin ya fita da sunansa a sama. Har yau ina jin nauyin cewa wata huɗu yana gabana ban lura ba, shi ya sa ban ɗauki maganar barcinka da wasa ba.

Abin da kake ji, rashin barci da faɗuwar gaba da zabura, abu ne da jiki ke yi in ya daɗe cikin tsoro, kuma ana maganinsa. Ka ga likita a makon nan, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Babban Asibitin Ƙasa nan Abuja, akwai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) in ka fi sakewa a gida. Kada ka sayi maganin barci a kemis da kanka, kuma ka rage shayi mai ƙarfi da kofi da lemon ƙarin kuzarin da muke ɗurawa a ɗakin labarai. In ka kai kwana biyu ko uku ba ka runtsa ba sam, ko ka fara jin muryoyi, ko tunanin raba kanka da duniya ya zo maka, wannan na ranar ne, ka sa a kai ka asibiti nan take. Zama na minti goma kana jan numfashi a hankali, ko zikirinka na safe da yamma, ko tattaki bayan la'asar, duk ba su ne nake hana ka ba. In ka warke, labarin ya fita, har yanzu kana sha'awar wancan zama, ka tambayi likitan da ya san ka, ka faɗi gaskiya a takardar shiga, kuma ka tabbatar za a bar ka ka fita ranar da ka ce ka gaji.

Hutu kam kana bukatarsa. Ka miƙa kwafin komai ga editanka da lauya, ka aika takardar neman bayanan nan don kwanakinta su fara ƙirguwa, sannan ka ɗauki iyalinka ku hau Jos ku yi mako guda. Ka sha gwate a gidanku, ka bar sanyin garin ya sa ka barci, wayarka a kunne amma a hannun wani da dare. Mai ɗakinka da ta ce ka canza, ka zaunar da ita ka gaya mata abin da ake ciki, ba sai ka faɗi sunaye ba, ka ba ta lambar editanka da ta lauyan. In ka dawo ka samo asalin faifan daga wayar, ka sake rubuto mini ka gaya mini minti nawa ne, da wanda ya fara ambaton kuɗi a ciki.